Kada a Taɓa

Ran Talata na kai Baba,
ana yayyafi, teku ta yi toka-toka,
Bohuslan duk warin gishiri da jiƙaƙƙen dutse.
Gidan tarihin ɗaki biyu ne rak,
tsohuwar maƙerar kamfani ce aka share,
aka shafa mata farin fenti.

Yarinyar da ke ƙofa, Tindra,
ta ajiye waya ta yaga mana tikiti,
ta ce tsofaffi rabin kuɗi ne.
Baba ya ce, "Rabin huhu, rabin kuɗi. An yi adalci."
Dariyarsa ta rikiɗe tari,
muka tsaya har tarin ya gama nasa zancen.

Ga hotuna jere a bango,
maza cikin huluna a kan falalen dutse,
ƙura ta ba su furfura tun suna samari.
Babu suna a ƙasa, sai shekara.
Baba ya bi su da kan sandarsa:
"Sixten. Helmer mai kunne ɗaya.
Wannan Algot ne, ya ci bashina
har ya mutu bai biya ba."
Tindra ta matso, ta laluɓo biro.

Ni na karanta allo:
tan kaza aka loda wa jirage,
titunan birane masu nisa
da jan dutsenmu aka shimfiɗa su.
Shi ko kallon allon bai yi ba.
Ya ce dutse na da jijiya kamar nama,
in ka bi ta, ya buɗe maka salin-alin,
in ka saɓa, ku wuni kuna musu,
kuma shi ba ya gajiya.

A ɗaki na biyu, cikin akwatin gilashi,
ga kurfi, ga weji manya da ƙanana,
ga guduma.
Lamba arba'in da ɗaya. Ba a san mai ita ba.
Ƙotar ta lotsa wuri uku,
gurbin na huɗu sumul,
domin Baba ya bar ƙaramin yatsansa a ramin arewa
shekarar da aka haife ni.

Ya daɗe a tsaye.
Numfashinsa ya dusashe gilashin,
ya goge da hannun riga.
A jiki an rubuta: Kada a taɓa.
Tindra ta dubi rubutun, ta dubi hannunsa,
ta tafi ta dawo da makulli.

Na zaci zai yi kuka. Ina!
Ya ɗaga ta da hannu biyu,
ita da dā hannu ɗaya ke wasa da ita,
ya jinjina, ya juya, ya ɓata rai:
"Wa ya shafa mata wannan man ƙyalli?
Ai sai ta suɓuce ta fasa ƙafar mutum."

Akwai guntun dutse a bakin ƙofa
da aka ajiye don yaran makaranta.
Bugu ɗaya ya yi masa, ƙwal,
ya karkata kai yana saurare
kamar likita a ƙirjin jariri.
"Da tsaga a cikinsa," in ji shi.
"Kada a ɗora shi kan kabarin kowa."

Tindra ta ce wane suna za ta sa a katin.
Na buɗe baki zan ce Evald,
ya riga ni:
"Ta Sixten ce. Aro na yi,
shekara talatin da ɗaya."

A hanyar gida muka wuce ramin arewa,
ya cika da ruwa kore shar,
an kafa tsani inda yara ke iyo da bazara.
Na rage gudu don ya gani.
Ashe ya yi barci, baki buɗe,
ƙirjinsa na zuga kamar tsohon zugazugi,
hannunsa na dama a kan gwiwa,
yatsu uku da babban yatsa
sun dunƙule, sun bar rami a tsakiya
daidai kaurin ƙota.